Ranar da Bastian Ya Dafa Lala Ba Giya

Shekara talatin da ɗaya Bastian Minjoot ya yi a rumfa ɗaya, ta shida idan ka ƙirgo daga bakin titi, a jerin rumfunan abincin da ke gaɓar teku a unguwar Fotugis ta Malaka. Yana gasa kifi, yana yin ƙaguwa da barkono, ranar Lahadi kuma ya yi debal, miyar nan mai yaji da naman alade da ake ci bayan an taso daga coci. Amma ba su ke kawo mutane ba. Lala ke kawo su, 'yan ƙananan halittun tekun nan masu ɓawo biyu da ke wage baki da zarar sun ji wuta. Lala rabin kilo, tafarnuwa ƙwaya shida, barkono biyu, bota cokali ɗaya, farar giyar inabi ludayi ɗaya. A rufe, a ba ta minti huɗu. Iyakarta ke nan. A jirgin ruwan dakon kaya ya koyo ta, inda ya yi shekara tara a ƙarƙashin wani kuku ɗan Fotugal mai saurin hannu da saurin zagi.

Yanzu shekararsa sittin da huɗu, kuma gwiwarsa ta hagu ta daina jin magana. Daga ƙofar gidansa zuwa rumfa taku ɗari biyu da arba'in ne. Da can ko sanin ya yi su ba ya yi. Yanzu sai ya tsaya sau biyu a hanya, ya riƙe ƙugu, ya yi kamar teku yake kallo. Babu ma abin kallo a tekun. Tun da aka fara cike shi da yashi don gine-gine, laka ta cinye gaɓar da mahaifinsa yake shiga ruwa iya ƙirji yana tura raga, lalar da yara ke tsinta kyauta kuwa yanzu sai a kasuwa, daga wata jiha, cikin buhu.

Giyar ma ta zama aiki, don kowace shekara sai ta ƙara tsada. Ya fara da ta kwalba mai toshiyar itace, ya sauko kan mai murfin murɗawa, ya ƙare a ta kwali mai ɗan famfo, lita huɗu, wadda take yi masa faranti arba'in cif. Bai taɓa jin kunyar haka ba. A ganinsa giya mai tsada a kasko asara ce, wuta ba ta san farashi ba. Mai zaƙi kuwa tana mai da lala alewa. Abin da yake nema bai wuce wadda ba ta da zaƙi, mai ɗan tsami, wadda in ka kurɓa ba za ka tofar ba.

Tun rasuwar matarsa, yayarsa Odilia ta dawo gidan. Ta girme shi da shekara biyar, kuma kullum sai ta tuna masa. Aikinta a rumfa shi ne ta zauna a kujerar roba tana korar ƙuda, tana ɗanɗana abin da ba a ce ta ɗanɗana ba. Shi kuwa har yau Susi yake kiranta, kamar yadda ake kiran babbar yaya a unguwar, ko da kuwa a tsakiyar faɗa ne.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, Lina. Shekara shida da suka wuce ta musulunta, ta auri Shahrul, malamin lissafi a wata makarantar sakandare a Kuantan. Bastian ya je bikin, ya sa riga mai dogon hannu, ya ci shinkafarsu, ya tsaya aka ɗauki hoto. Ba a yi rigima ba. Sai dai zuwanta na farko bayan aure, ya dafa mata lala kamar yadda ya saba tun tana 'yar shekara huɗu. Ta kalli farantin ta ce, "Pai, akwai giya a ciki." Haka ake kiran uba a unguwar. Ya ce ai wuta ta cinye ta, ƙamshi ne kawai ya rage, ya fara bayani da hannu da ƙafa. Ta ce, "Pai, don Allah." Ya ɗauke farantin.

Daga ranar zuwa yau ta zo gida sau goma sha huɗu. Wani zuwan ta ce sun ci a hanya. Wani zuwan ta zo da nata a kula. Wani zuwan su sa shi a mota su kai shi gidan abincin Malayawa, ya zauna yana tauna kazar wani, yana jin inda gishiri ya gaza. A gidan da aka haife ta ruwan kwalba kawai take sha. Sau goma sha huɗu, ko loma ɗaya daga hannunsa ba ta shiga bakinta ba. Ba ya maganar da kowa. Ƙirgawa kawai yake yi.

Wata Alhamis da hantsi yana yanka albasa, Odilia ta shigo rumfar da waya a hannu.

"Bastian, ajiye wuƙar nan, kada ka yanke yatsa ka ce ni ce."

"Faɗi, Susi. Ba da hannu nake ji ba."

"'Yarka na da ciki. Wata biyar."

Ya ajiye wuƙar. Ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna a kan tukunyar gas.

"Tsaya, ban gama ba," in ji Odilia. "Kwaɗayi ya kama ta. Kwana uku tana yi wa mijinta kuka, ba ta son komai a duniya sai lalarka. Uwar mijin ta ce in ba ta samu ba, yaron zai fito yana dalalar da miyau har ya shiga makaranta. Ka ga ke nan za a ce daga wajenmu ya gado."

"Ita ta ce a gaya mini?"

"Cewa ta yi kada a gaya maka. Shi ya sa na yi sauri."

"Yaushe za su zo?"

"Asabar ta sama. Wai gaisuwa kawai."

Kwana tara. Ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara, ya ce, "Za ta ci."

"Da giyar?"

"Ba giya."

Odilia ta taɓe baki. "To ai ba lalarka ba ce ke nan. Dafaffen dutse ne da tafarnuwa."

Rumfa sai ƙarfe biyar na yamma take buɗewa, don haka ya ware daga goma na safe zuwa sha biyu don gwaji. Ba rabin kilo ba, lala goma a kowane gwaji, a rage ɓarna. Ya samo kwalin taba da wani ya yar, ya buɗe shi, yana rubuta lamba da abin da ya zuba.

Na ɗaya, ruwa da khal, ruwan tsamin nan na kwalba. Odilia ta ɗanɗana ta ce asibiti ya tuna mata. Na biyu da na uku, lemun tsami zalla, sai ya ga ashe in lemu ya daɗe a wuta ɗaci yake yi. Na huɗu, ruwan farin inabi na kwali wanda yara ke sha. "Wannan ka kai coci ranar bikin yara," in ji Odilia, "a zuba musu a kofi." Na shida, romon kaza da khal, lalar ta fito tana ƙamshin kaza, kamar ta manta daga teku take. Na takwas, ruwan tuffa. Kwana biyu yana jin zaƙin a maƙogwaro. A babban kanti ya ga wata kwalba an rubuta giya marar maye. Ya juya ta, ya ga ta fi ta gasken tsada, ya kuma tuna fuskar Lina idan ta hango irin wannan kwalbar a kusa da murhu. Ya mayar.

A gwaji na goma sha ɗaya ya kashe wuta ya zauna. Kafaɗarsa ta riƙe, ga aikin yamma na jiransa. Nan ne ya yi wa kansa tambayar da bai taɓa yi ba cikin shekara talatin da ɗaya: wai me giyar take yi a cikin kaskon? An ce masa ya zuba, ya zuba, ya tsufa yana zubawa. Ya tsiyayi kaɗan a ludayi, ya riƙe a baki. Aiki uku ya gano. Tana kawo tsami. Tana da wani ɗan zaƙi can ƙasa wanda ba ya nuna kansa. Tana kuma kashe ƙarni. Ashe shi ya sa abu ɗaya ya kasa. Aikin mutum uku ne ake ba mutum ɗaya.

Ranar Talata ya hau bas zuwa babbar kasuwa, wajen Kak Rokiah, wata tsohuwar Bamalayiya da yake sayen lemu da ganye a hannunta fiye da shekara ashirin. Tun daga nesa ta hango shi.

"Serani!" Da wannan sunan Malayawa ke kiran mutanen unguwarsu. "Lemun tsami kilo uku cikin kwana biyar? Wanka kake yi da shi, ko tsufan kake son gogewa?"

"In yana goge tsufa, Kak, ai da ke kika fara shanye shi."

"Ji marar kunya. Me kake haɗawa?"

Ya ɗan kau da kai. "Wani mai ciniki ne. Likita ya hana shi giya, shi kuma ya nace sai lala."

"To me ka zuba?"

Ya karanto mata daga kwalin taba. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ku dai kun saba da tuntsura kwalba a komai, har kun manta ƙasar nan tsami iri goma gare ta." Ta sa hannu a ƙarƙashin tebur ta ɗebo belimbin, 'ya'yan itacen nan kore masu kamar yatsa, waɗanda tsaminsu ke sa haƙori ya mutu. "Wannan shi za ka sa tun farko, wuta ba ta ɓata masa rai. Lemu kuwa sai ka sauke, shi ɗan gata ne. Zaƙin da kake nema yana cikin ruwan ɗanyar kwakwa, ɗanya fa, ba tsohuwa irinka ba. Ƙarni kuma citta, kamar farcen babban yatsa. In ka wuce haka ka yi maganin mura."

"Nawa ne?"

"Kai, tafi. A bayan gidana yake zuba, kaji ma sun ƙi shi."

Da ya gaya mata gaskiyar wadda zai dafa wa, da ta yi masa tambaya ɗaya wadda za ta hutar da shi wahala mai yawa. Bai gaya mata ba. Shekara shida bai taɓa bari wani a kasuwa ya san 'yarsa ba ta cin abincinsa ba.

Sai da ya ƙara gwaji goma sha biyu yana rage wannan yana ƙara wancan. Na ashirin da uku ya faɗo ranar Alhamis: ruwan ɗanyar kwakwa ludayi ɗaya, belimbin uku a yanka sirara, khal na kwakwa mai tambarin halal ƙaramin cokali ɗaya, citta, sai rabin lemu bayan an sauke. Odilia ta cinye goman tas. Ta gutsuri burodi ta suɗe farantin.

"To?" in ji shi.

"Ba ita ba ce."

"Na sani."

"Amma ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ranar Juma'a ya shiga gari ya yi sayayya, don ai a ƙasar nan aka haife shi, ya san ba a ba Musulmi abinci a kwanon da ya taɓa alade. Faranti huɗu sababbi, cokali huɗu, ludayi, wuƙa, katakon yanka, murfi, bota wanda ba a ɓare takardarsa ba. Ya jera su a kan jarida, ya ƙirga sau biyu, ya ga babu abin da ya rage.

Kaskon kam ko a ransa bai zo ba. Satin da ya buɗe rumfa ya saye shi, na ƙarfe, mai kunne biyu. Sabulu bai taɓa taɓa shi ba. Ruwan zafi, tsintsiyar gora, a ɗora a wuta har ya yi hayaki, a shafa mai. Haka aka koya masa, haka kowane kuku yake yi. Shekara talatin da ɗaya na maiƙo sun yi masa baƙar fata mai sheƙi, in ka fasa ƙwai a ciki sai ya yi ta zamiya kamar a kan tangaran. Rabin daɗin lalarsa daga wannan baƙin yake fitowa. A wajen Bastian faranti shi ne kwano. Kasko kuwa wuta ke wanke shi, kuma me ya fi wuta?

Ranar Asabar ya sayo lala kilo biyu, ɗaya na dafawa, ɗaya ko da wani abu. Ya jiƙa su a ruwan gishiri su tofar da yashi. Ya ƙona kaskon sau biyu maimakon sau ɗaya. Ɗaya saura kwata Odilia ta kira Lina ta ce kada su tsaya a gida, su wuce rumfa. Da ya ji ƙarar motarsu ya ɗora kilo ɗaya a wuta.

Lina ta fito a hankali, da ɗankwali ruwan toka, hannu ɗaya a baya. Ta kama hannunsa ta kai goshi. Shahrul ma ya yi haka, dogon mutum marar magana, wanda cikin shekara shida hirarsa da surukinsa ba ta wuce ta hanya da ruwan sama ba. Sai ƙamshin ya iso gare ta. Ta juya ta harari gwaggonta.

"Tia! Na ce kada ki faɗa."

"Ni kurma ce, 'yar nan, ban ji ba."

"Babu giya," in ji Bastian da sauri, ya miƙa mata kwalin taba. "Karanta. Kwakwa, belimbin, citta. Ga kwalbar khal ɗin, duba tambarin. Faranti sabo, cokali sabo, ga takardar kantin ma."

Ya ajiye farantin a gabanta, tururi na tashi, kowace lala ta buɗe. Idanunta suka ciko. Ta ɗauki cokali. Har ta ɗebo romon, sai ta ɗaga kai ta dubi murhun da ke bayansa.

"Pai, a wane kasko ka yi?"

"A kasko mana. Kasko nawa gare ni?"

"Wanda kake yin debal?"

"Na ƙona shi sau biyu, har sai da hayaki ya kori Tiarki waje. Babu abin da ya rage a ciki sai ƙarfe."

Shahrul ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Lina ta mayar da romon, ta ajiye cokalin a hankali, yadda ba zai yi ƙara ba.

"Ba komai, Pai. Wallahi ƙamshin ma ya ishe ni."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya riƙe da tsumma, gajiyar kwana tara ta sauko masa gaba ɗaya. Sau goma sha biyar ke nan.

"Kai, wannan ba abin tsayuwa ba ne," in ji Odilia. "Ga shagon kayan kicin a bakin titi. Shahrul ya ja mota, minti goma ya dawo da sabon kasko. Akwai sauran kilo ɗaya."

"Sabon kasko warin man inji yake yi, sai ya kwana uku ana ƙona shi," in ji Bastian. Sannan ya ƙara da abin da ke ransa. "Kuma sai a kafa masa ƙusa daban, a ce ga na Lina can? 'Yata ba baƙuwa ba ce. A wannan ta ci ta girma."

Ya juya wajen surukinsa. "Malam, a addininku babu hanyar da ƙarfe yake tuba?"

Shahrul ya ɗago. "Akwai, Pai. Sertu muke ce masa. Wanki bakwai, ɗaya da ruwan da aka dama da ƙasa mai tsarki." Ya dubi kaskon. "Amma sai an fara cire maiƙon."

"Nawa daga ciki?"

"Duka. Har a ga ƙarfe."

"Wayyo Maryama," in ji Odilia. "Bastian, kashe kaskon za ka yi."

"Pai, kada ka yi," in ji Lina. "Don Allah bar shi. Kwaɗayi ne, zai wuce."

"Zauna. Kin cika surutu kamar Tiarki."

Ya aro soson ƙarfe da sabulu a rumfa ta biyar, don shi bai taɓa ajiye su ba. Ya kai kaskon bakin famfo, ya jawo 'yar kujera, ya miƙe ƙafar hagu. Gogar farko ba ta yi komai ba. Ta biyu ma haka. Sai a hankali baƙin ya fara saki, ruwa kamar tawada yana bin kwata. Shahrul ya ɗauki bokiti da tsinken ƙarfe ya tafi bayan filin ƙwallo, inda ba a zubar da shara, ya haƙa har gwiwar hannu ya ɗebo jar ƙasa. Da ya dawo ya tarar tsohon ya gama rabi kawai cikin minti ashirin da biyar.

"Kawo, Pai."

"Za ka iya? Ba alli ba ne."

Ya miƙa masa. Shahrul ya naɗe hannun riga ya tsuguna.

"Ba haka ba, Malam. Zagaye za ka yi, daga tsakiya zuwa baki. Kana goge shi kamar allo. Gindin kunnen nan fa, nan maiƙo ke ɓuya."

Odilia ta jawo farantin da ya huce gabanta. "Tun da ku duka kun zama waliyyai, bari ni mai zunubi in taimaka." Ta fara ci tana kallonsu.

Minti hamsin da biyar aka yi kafin kaskon ya fito fari-fari, kamar ba shi ba, duk zanen soso. Bastian ya shafa shi da tafin hannu, ya ji kaushi. Ya mayar wa Shahrul. Shahrul ya dama ƙasar, ya yi bismillah, ya kwarara ta ciki da waje, ya bi ko'ina da hannu. Sannan ruwa mai kyau, ɗaya bayan ɗaya, Bastian na ƙirgawa da ƙarfi.

"Shida ke nan," in ji Odilia daga kujera.

"Biyar, Susi. Ci lalarki."

"Shida na gani da idona."

"Malam, kai ake biya don wannan. Nawa?"

Shahrul ya yi murmushi, karo na farko a ranar. "Biyar ne, Tia."

"To, kun haɗa kai."

Aka cika bakwai. Ƙarfe uku saura ya ɗora kaskon a wuta. Nan take ya gane abin da ya yi asara. Tafarnuwar da ta saba iyo a cikin bota ta manne ta fara ƙonewa. Ya rage wuta, ya ƙara bota rabin cokali, ya zuba belimbin da citta, ya juye kilon ƙarshe, ya bi da ruwan kwakwa da khal, ya rufe. Minti huɗu. Da ya buɗe, romon da ya kamata ya fito ruwan ƙwai ya fito da ɗan duhu, don tsami ya ci ɗanyen ƙarfe. Ya matsa lemu, ya ɗanɗana, ya rufe ido. Gwaji ashirin da uku, ga abin da zai kai gaban 'yarsa. Babu sauran lala, babu sauran ƙarfi. Ya juye a sabon faranti ya kai.

Lina ta yi bismillah. Ta ɗauki ta farko da hannu, ta zuƙe, ta ajiye ɓawon a gefe. Ta ɗauki ta biyu. Bastian ya zauna a kan tukunyar gas yana kallon ɓawon yana taruwa.

"Yaya?" ya tambaya, da ta kai goma sha biyu.

"Kamar an jefa ƙusa a ciki, Pai."

"Ƙarfe ne. Yana ƙara jini. Da asibiti kika je sai kin saya."

Ta yi dariya da abinci a baki, hawaye na zuba, ba ta daina ci ba. Shahrul ya miƙa hannu zai ɗauki ɗaya, ta buge hannun. A arba'in da bakwai ta tsaya, ta karkata farantin ta shanye romon, ta ce ko akwai shinkafa. Shinkafar a tukunyar lantarki take, wadda ba ta taɓa ganin komai ba sai shinkafa, amma sai da Bastian ya dubi Shahrul tukuna. Shahrul ya gyaɗa kai.

Ƙarfe huɗu ta wuce, maƙwabta sun fara fito da kujeru. Odilia ta nuna kwalin giyar da ke ƙarƙashin tebur da ƙafa.

"To, mai gida, saura awa ɗaya. A me za ka dafa wa mutane? Gobe kuma Lahadi, ga debal. In ka zuba a wannan, duk wahalar ta tashi a banza."

Bastian ya dubi kaskon. Har ya fara yin ja-ja a baki, tsatsa ba ta jira.

"Malam, kai Tiarka shagon bakin titi. Ku sayo mai kunne biyu, daidai girman wannan."

"Kai fa ka ce warin man inji yake yi," in ji Odilia.

"Masu ciniki za su ci. In sun yi ƙorafi wata ɗaya, za su gaji."

"Wannan kuma fa?"

"Wannan na gida ne yanzu."

Suka tafi. Lina na can tana cakuɗa shinkafa da ɗan romon da ya rage, tana ba shi labarin ranar da likita ya ce za ta haihu, da yadda ƙafafunta ke kumbura da yamma. Ya tsiyayi man kwakwa a tsumma, ya ɗora kaskon a cinya, ya fara shafawa daga tsakiya zuwa baki. Ya lissafa, in ana soya albasa da ƙwai a cikinsa kullum, kafin ta yi arba'in zai ɗan fara yin baƙi. Kafaɗarsa na zogi, ga tsayuwar awa shida a gabansa, da kaskon da bai san hannunsa ba.

"Pai," in ji Lina, "akwai sauran belimbin? Ina so in tafi da shi."

"Akwai goma sha ɗaya. Ɗauki takwas."